ALƘALAMIN JAMA'A AMANA NE

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya alƙalami ya zama hanyar ilimi, Ya kuma wakilta mala'iku masu daraja suna rubuta ayyukan bayinSa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah, sannan ina yi muku. Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi wani aiki da aka fara gani a unguwanni da ƙauyuka lokacin babban hutu. Ƴaƴanmu ɗalibai, maza da mata, daga jami'o'in Yamai da Say da Maraɗi da Damagaram da Tawa, suna dawowa gida su tara jama'a, ba tare da an biya su ko dala ba, suna koya musu yadda ake kafa kwamiti, da yadda ake riƙe littafin kuɗi, da yadda ake rubuta takardar neman tallafi, wadda aka fi sani da furoje a bakin mutane.

Wata ranar Asabar bayan La'asar na shiga wani zaure na tarar da irin wannan zama. Saurayi ne tsaye da alli a hannu, a gabansa kuwa ga na'ibin liman, ga shugabar mata, ga mai tsaron famfo, ga dattawan da suka yi jika da shi. Ya tambaye su rijiyoyi nawa ne a garin, kuma nawa ne ke da ruwa a watan Afrilu. Aka ce huɗu ne, biyu suna ƙafewa da bazara. Sai wani dattijo ya ce: "Yaro, rubuta ba mu da ko ɗaya, sun fi jin tausayi." Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, a gafarce ni. Ranar da suka zo suka tarar da huɗun nan, me za mu ce musu? Ko ba su zo ba, ai akwai Wanda Ya riga Ya ƙirga su." Zauren ya yi shiru. Can sai dattijon ya ce: "To, rubuta huɗu."

A kan wannan amsa nake so mu tsaya. Takardar da ake rubutawa da sunan jama'a amana ce, kuma babban abin da samarin nan ke koyarwa shi ne a faɗi gaskiyar buƙata cikin tsari.

ME YA SA WANNAN ILIMI YA ZAMA DOLE?

Dattawanmu sun ga farin 1973 zuwa 1974, sun ga na 1984, mu duka mun ga ƙarancin cimaka na 2005. A waɗannan shekaru ƙungiyoyin agaji suka yawaita a ƙasarmu. Bayan babban taron ƙasa na 1991 kuma, ƙungiyoyin ƴan ƙasa suka tsiro ko'ina. Masu ba da tallafi, ko na gwamnati ne, ko na ƙasashen Turai, ko na ƙasashen Larabawa, ko Bankin Musulunci da ke Jidda, duka hanyarsu ɗaya ce: ba su ba da kuɗi a kan maganar baka. Sai an kawo takarda, mafi yawa kuma da Faransanci. Saboda haka garin da ba shi da mai rubutu, ko dai a tsallake shi, ko kuwa ya faɗa hannun dillali mai jaka, wanda zai karɓi sa hannun maigari ya tafi, daga baya a ji an karɓi kuɗi da sunan gari alhali ko bulo ɗaya ba a gani ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta tashi a azuzuwan kara na wata lakwal a Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Kafin nan, a watan Afrilu na wannan shekarar, an yi irinta a Yamai. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri. Gina aji nauyi ne a wuyan hukuma, wannan gaskiya ne. Amma iyayen da suka iya zama su ƙirga ƴaƴansu, su san kuɗin aji ɗaya na bulo, su rubuta, su kai inda ya dace, su bi sawu, sun yi riƙo da sababi, kuma riƙo da sababi ba ya kore tawakkali.

ASALIN WANNAN AIKI A ADDININMU

Ya ku bayin Allah, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani Mai Girma ita ce ta 282 a Suratul Baƙara, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta Allah Ya yi umarni a rubuta, Ya ce marubuci ya rubuta da adalci, Ya hana shi ƙin rubutawa tunda Allah ne Ya sanar da shi, Ya ce mai shibta kada ya tauye komai, Ya ce a kafa shaidu, Ya kuma hana a ƙosa da rubuta abu ƙarami ne ko babba. In haka Allah Ya tsare dukiyar mutum biyu, ina ga dukiyar gari duka?

Malaman sira sun ambata cewa bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, waɗanda aka kama da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sanya kowannensu ya koya wa yara goma na Madina. Zaidu ɗan Sabit (R.A.) yana yaro Manzon Allah (S.A.W.) ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana kuma ba su amsa, ya ƙware cikin kimanin rabin wata. Wannan hujja ce a kan mai ganin cewa ɗan da ya iya Faransanci ya ɓace. Harshe makami ne, hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi.

Mus'abu ɗan Umair (R.A.) saurayi ne lokacin da aka aike shi Madina ya karantar, kuma a hannunsa shugabannin Ausu irin su Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta. A ƙasashenmu na nan ma, Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda mahaifinta a Maratta aka haife shi, ta tsara ƴan taru, inda jajis ke tafiya ƙauye ƙauye suna karantar da mata ba don lada na duniya ba. Saboda haka yaron da ya tsaya gaban dattawa da alli bai zo da baƙon abu ba.

ABIN DA KE CIKIN TAKARDAR

Domin amfanin wanda bai halarci irin wannan zama ba, ga abin da ake koyarwa a taƙaice. Kowace takardar neman tallafi amsa ce ga tambayoyi shida.

Ta farko: mene ne ciwon? Ba a cewa "muna cikin wahala" a tsaya nan. Sai a ce gidaje kaza ne, rijiya kaza, mata suna tafiyar kilomita kaza kafin su samo ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa kafin magini ya gyara.

Ta biyu: me muke so ya canza, kuma zuwa yaushe?

Ta uku: wane aiki za a yi, wa zai yi shi, a wane wata? Wanda ya sa aikin gayya a tsakiyar noman farko ya riga ya kashe shi.

Ta huɗu: nawa zai ci? A je kasuwa a tambayi kuɗin buhun siminti da ƙarfe da ladan magini, a rubuta kowane abu a layinsa.

Ta biyar: mu me za mu sa? Yashi, tsakuwa, ruwa, ƙarfin samari, ko jika ɗaya daga kowane gida.

Ta shida: bayan masu tallafi sun tafi, wa zai riƙe abin? In famfo ya lalace, da wane asusu za a gyara shi? Garuruwa nawa ne ke da famfo matacce da injin niƙa da ya yi tsatsa, saboda ba a amsa wannan tambaya ba tun farko?

Mai karanta Alƙur'ani zai gane waɗannan. Annabi Yusufu (A.S.) da ya fassara mafarkin sarkin Masar bai tsaya ga fassara ba. Ya faɗi yawan shekarun wadata da na fari, ya faɗi abin da za a ci da abin da za a ajiye, har ya nuna a bar hatsi cikin zangarniyarsa don kada ya lalace, abin da manominmu ke yi har yau in ya zuba dami a rumbu. Da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, siffa biyu ya ambata: tsarewa da sani. Zulƙarnaini kuma, a Suratul Kahfi, da mutane suka nemi ya gina musu katanga, ya ce su taimake shi da ƙarfinsu, su kawo guntayen ƙarfe, su hura wuta. Bai bar su zaune suna kallo ba. Abin da hannunka ya taɓa wajen ginawa, idonka ba ya barin ya rushe.

CUTUTTUKA UKU

Sai dai kowane ilimi yana da ƙofar da Shaiɗan ke shiga. A wannan fanni ƙofofi uku ne.

Ta farko ita ce ƙarya a lissafi. A ce marayu ɗari alhali talatin ne. A ɗauki hoton yaran wani gari a liƙa. A kafa ƙungiya wadda shugabanta da ma'ajinta da magatakardanta duka ƴan gida ɗaya ne, ofishinta kuma aljihun riga. Wasu suna cewa ai kuɗin Nasara ne, ko kuɗin da ba su da mai su. Wannan magana ɓatacciya ce. Ha'inci haramun ne ga Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Manzon Allah (S.A.W.) ranar da zai yi Hijira ya bar Aliyu (R.A.) a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali masu ajiyar nan mutanen garin da ke neman ransa ne. Kuma kuɗin tallafi suna da iyaka: abin da ka samu da ƙarya, daga bakin wani gari mai gaskiya ka fizge shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar da aka gano kuwa, ba sunanka kaɗai za a soke ba, har da na garinku.

Ta biyu ita ce cin abin da aka karɓo. A ƙara farashi a takarda, a haɗa baki da ɗan kasuwa ya ba da rasit na bogi, a rage siminti a gini, a kira abin da ya rage "rabon wahala". Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin wannan, ya nuna cewa da mutumin ya zauna gidan iyayensa da babu mai kawo masa, ya kuma yi gargaɗin cewa wanda ya ɗauki wani abu daga irin wannan dukiya zai zo ranar alƙiyama yana ɗauke da shi a wuya. Ɗan'uwa, ka tuna rijiyar da aka rage wa siminti tana iya ruftawa da ɗan wani. In aikin yana buƙatar a biya mai kula da shi, a rubuta ladansa a fili cikin lissafin, kowa ya sani. Abin da aka rubuta aka yarda da shi halal ne, abin da aka ɓoye shi ne wuta.

Ta uku ita ce bin kuɗi a bar buƙata. A ji an ce bana kuɗin kaza ne suka fito, sai gari ya manta ƙishirwarsa ya rubuta abin da mai kuɗi ke son ji. Karɓar taimako daga wanda ba Musulmi ba halal ne a asalinsa, domin Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar. Amma a karanta sharuɗɗa kafin a sa hannu. In akwai abin da ya saɓa wa addini ko ya taɓa tarbiyyar ƴaƴanmu, a kai wa malamai su duba, in ya tabbata a ce an gode. Wannan ma yana cikin amfanin samun ɗan gari mai karatu: wanda bai iya karanta takarda ba, bai san abin da ya dangwala wa yatsa ba.

SHIN WANNAN BA ROƘO BA NE?

Wani zai ce: Malam, ba koya wa mutane bara ake yi ba? Tambaya ce mai kyau, domin addininmu ya fifita hannun da ke bayarwa a kan mai karɓa. Amsa ita ce akwai bambanci tsakanin mai roƙo don cikinsa alhali yana da ƙarfi, da mai nema wa jama'a abin da ya fi ƙarfinsu. A shekarar yunwar da aka yi zamanin Sayyidina Umar (R.A.), wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya rubuta wa gwamnoninsa wasiƙu yana neman agaji, Amru ɗan Asi ya aiko da ayarin abinci. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito kuma, cikin mutum uku da aka halatta wa nema akwai wanda talauci ya same shi, da sharaɗin mutum uku masu hankali daga mutanensa su shaida. Ashe tabbatar da buƙata kafin a nema koyarwar addininmu ce tun kafin masu furoje su zo da ita.

Duk da haka, mai tambayar yana da rabin gaskiya. Tallafi baƙo ne, yana zuwa yana tafiya. Mun gani a 2023 yadda wasu ƙasashe suka dakatar da taimakonsu bayan canjin mulki, mun gani a 2025 yadda Amurka ta rufe mafi yawan ayyukan agajinta a duniya. Garin da ya jingina da wannan kaɗai, in an janye sai ya faɗi. Abubuwan da suka ɗore a ƙasarmu su ne waɗanda jama'a suka riƙe da hannunsu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da zubin mata na kowane mako ya tsaya, har wasu ƙasashe da dama suka kwaikwaye shi, ko da yake muna tunatar da masu irin wannan asusu su nemi shawarar malamai don su kauce wa riba. Haka nan sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona a riƙa gyara shi, wanda ya fara yaɗuwa daga Maraɗi bayan farin 1984: masu bincike sun ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, kuma da adda da haƙurin manomi aka yi shi.

Saboda haka tambayoyin nan shida suna da amfani ko ba a aika takardar ko'ina ba. Sau da yawa in jama'a suka zauna suka yi lissafi, sai su tarar rabin aikin ba ya buƙatar kowa daga waje. Sauran kuma a fara nemansa a kusa: wajen attajiran gari, da ƴaƴan gari da ke ci rani ko zaune a ƙasashen waje. Da yawansu suna son bayarwa, rashin amintaccen hannu da bayyanannen lissafi ne ke hana su. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

NASIHA GA KOWA

Ku samari masu koyarwa, ku gyara niyya. Ilimin da aka amfana da shi yana cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, amma riya tana cinye shi. Kada ku mai da zaure matakalar neman aiki ko siyasa. Ku koyar da Hausa ko da wane harshe mutane ke ji, a fara rubuta buƙatar da shi, a karanta wa jama'a su yarda, sannan a juya ta zuwa Faransanci. Kada ku rubuta musu ku tafi, ku bar mutum biyu ko uku da suka iya. Kada ku yi alkawarin cewa kuɗi za su zo, domin takardun da ake mayarwa sun fi waɗanda ake karɓa. Ku ƙanƙan da kai: kun san takarda, amma tsoho ne ya san inda ruwa ke kwanciya da inda aka taɓa haƙa aka tarar da dutse, ya kuma san gonar da ke da rigima a kanta.

Ku iyayenmu, ku ba su wuri. Koyo a hannun ɗanka ba ƙasƙanci ba ne, amfanin shukarka ne kake ci. In sun yi kuskure ku gyara musu a keɓe. Kada kuma a bar mata a baya, domin su ke ɗibar ruwan, su ke jinyar yaran, kuma an ga amanarsu wajen riƙon asusu. A shirya musu nasu zama cikin mutunci, ƴan'uwansu mata masu karatu su koya musu.

Ku limamai da kwamitocin masallatai, mu fara da kanmu. Kuɗin da ake tarawa ranar Juma'a, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a ko a liƙa a bango kowane wata. Ma'aji daban, mai rubutu daban, kuma kada a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Wannan ba zargin kowa ba ne, kariya ce ga mutumin kirki daga zato, kuma kariya ce ga mai rauni daga zuciyarsa. Masallacin da bai iya ba da lissafin akwatinsa ba, da wane baki zai nemi miliyoyi?

Shi dai garin nan da na ba ku labari, an rubuta rijiya huɗu an aika. Ko amsa ta zo ko ba ta zo ba, sun riga sun fara tara yashi, kuma babu abin da ke cikin takardarsu da za su ji kunyar a karanta musu shi gobe kiyama.

Ya Allah, Ka yi wa samarinmu albarka, Ka tsare alƙalumansu daga ƙarya, Ka tsare hannuwanmu daga dukiyar jama'a. Ya Allah, Ka wadata mu da halal ɗinKa, Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka jiƙan magabatanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.